Idan Kamazuru Ya Ƙandare

Ana saura mako biyu Sallah, a gidajen masu dawaki na Kano da Katsina da Zazzau ake jawo akwatin kayan hawa, nan kuma ake ganin ta'adi. Kamazurun da aka naɗe bara da laushinsa ya ƙandare kamar kilishi, ragama ta yi furfura da funfuna, ƙarfen linzami ya bar wa fatar da ke jikinsa baƙin tabo. Wani sai ya yi tsaki ya ce kayan sun mutu, alhali yawanci ƙishirwar mai ce ke damun su.

Fatar da dukawa ke ɗinka kayan doki da ita jimar bagaruwa ce, kuma majemi ba ya sakin ta sai ya ba ta mai. Man nan ne ke sa ta lanƙwasu ba ta tsage ba. Hunturu yana tsotse shi, gumin doki kuma ya bushe a ciki ya bar gishiri mai cin fata sannu a hankali. Shi kuwa baƙin tabon, haɗuwar ƙarfe ce da sinadarin bagaruwa idan laima ta shiga tsakaninsu. Da wannan dabarar ce ma dukawa ke rina fata baƙi tun kaka da kakanni.

Gyara yana farawa da kwance komai, kowane maɗauri a rabe, domin dauɗa a lungun ɗinki da ƙarƙashin ƙarfe take maƙewa. A kaɗe ƙura da buroshi mai taushi, sannan a jiƙa tsumma da ruwan ɗumi, a matse shi sosai, a ɗan taɓa sabulu marar kaifi a riƙa gogawa. Ba a tsoma fata a bokiti, ba a kuma kusantar ta da garin sabulun wanki, wanda ke kwashe ɗan man da ya rage. Jan launin karan dafi yana iya zuba, don haka mai wayo yakan fara gwadawa a gefen da ba a gani. Inda funfuna ta kama, ruwan kal da aka sirka da ruwa rabi da rabi ya wadatar, amma a yi aikin a waje.

A shanya a inuwa. Rana da bakin murhu dafa jiƙaƙƙiyar fata suke yi.

Wajen ba da mai ne gaggawa ke ɓata aiki. Turawa suna da man da suke tatsa daga ƙashin ƙafar shanu don wannan aikin. A nan man kaɗe ko tataccen kitsen shanu sun isa. A lakato kaɗan a murza a tafin hannu har ya narke, a shafa ta bayan fatar, inda ta fi sha, a bar ta ta kwana. Washegari a lanƙwasa ta a hankali a ji, in tana so a ƙara, sau biyu ko uku. In aka ɗura mata mai lokaci guda sai ta saki, ta miƙe, ta riƙa kama ƙura. Baƙin man mota da wasu yaran barga ke shafawa don sheƙi lalata fata yake yi, man gyaɗa kuwa gayyatar ɓera ne.

Sai dai akwai abin da mai ba ya rayawa. Fatar da in an murza ta take barin jan gari a yatsa ta riga ta ruɓe. Maɗaurin da aka lanƙwasa aka ga tsaga ta nutsa ciki, ko hudar da ta yage, shi ma ya gama aiki. Kayan ado na goshi da ƙirji ana iya lallaɓa su a haka, amma majayi da maɗaurin likkafa da kamazuru su ke ɗauke da ran mahayi sa'ad da ya sako doki a guje zai yi jafi gaban sarki. Waɗannan wurin baduku za a kai su, ya yanko sabuwar fata, ya ciro tsohon adon ya ɗora a kai.

Bayan an sauka daga hawa, a goge gumi tun kafin ya bushe, a rataye kayan inda iska ke ratsawa. Cikin leda dai funfuna ce za ta riga kowa hawa.