Tsutsar Ciki: Ɓarauniyar da ke Cikin Garkenmu



Da wuya ka shiga gida a Sakkwato ba ka tarar da akuya ko rago a turke ba. Da yawanmu da kuɗin jar akuya ake saya mana littafi da kayan makaranta. Amma sau nawa muke ganin dabba tana cin dusa da harawa, kullum sai ƙara ramewa take yi? Sau da yawa tsutsar ciki ce sanadi.

Mafi haɗari ga awaki da tumaki ita ce wadda masana ke kira Haemonchus. Tana maƙalewa a bangon cikin dabba tana shan jininta. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai fiye da 5,000 a rana. Ƙwan yana fita tare da kashi, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai laima, cikin kamar mako ɗaya 'ya'yan su hau ganyen ciyawa. Dabba ta ci ciyawar, ta haɗiye su. Shi ya sa cutar ta fi tsanani da damina, daga Yuni zuwa Satumba.

Yaya za ka gane? Ja fatar idon dabbar ƙasa, ka duba cikinta. Ta mai lafiya ja ce. Idan ta yi fari, jini ya ragu. Sauran alamun su ne kasala, rama, birkicewar gashi da kumburi a ƙarƙashin haɓa.

Magungunan da aka fi amfani da su su ne albendazole, levamisole da ivermectin. Wannan na ƙarshe ne ya sa aka ba William Campbell da Satoshi Omura kyautar Nobel a 2015. Sai dai magani yana da ƙa'ida:

1. A ba dabba gwargwadon nauyinta. Idan aka rage, tsutsotsi masu ƙarfi ne za su tsira su hayayyafa, gaba maganin ya daina kashe su.
2. Kada a ba dabba albendazole a farkon cikinta, domin yana iya lahanta ɗan.
3. Kada a yanka dabba ko a sha nononta sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika. Masu kiwon ragon layya su kula da wannan.
4. Ragon da aka sayo daga kasuwar Kara a ware shi, a ba shi magani kafin a haɗa shi da sauran.

A riƙa share turke, kuma a zuba abinci a kwano, ba a ƙasa ba. Idan dabba ta galabaita, a kai ta wurin likita. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi.

Rigakafi ya fi magani. Yau idan an tashi, duba idon akuyar gidanku.