Ƙurar Asbestos: Cutar da Ke Bin Lebura Gida Daga Kurmi

A gabashin birnin Inugu akwai wata unguwa da ake kira Emene, inda a shekarar 1961 kamfanin Turner and Newall na Ingila, tare da Gwamnatin Jihar Gabas ta wancan zamani, suka kafa masana'antar yin kwanon rufi da silin da bututu na siminti haɗe da asbestos. A 1988 masana'antar ta koma hannun wani kamfanin ƙasar Beljiyam, aka sake mata suna Emenite, kuma tun farkon shekarun 2000 iyayen gidanta suka bar amfani da asbestos. Amma fa tsugune ba ta ƙare ba, domin kayan da aka buga cikin shekaru kusan 40 suna nan bisa makarantu da barikoki da gidaje.

Shi dai asbestos wani ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, mai zare-zare kamar auduga, ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa. Saboda haka aka riƙa naɗe tukwanen tururi da bututun zafi da shi a jiragen ruwa na soja da na kasuwanci, da kawunan jiragen ƙasa masu cin gawayi, aka kuma sa shi cikin takalmin birkin mota. Illarsa ita ce, idan an yanka shi ko an farfasa, sai ya saki ƙura wadda ido ba ya gani. Zaren nan idan ya shige huhu, ba shi da niyyar fita.

Turawa sun daɗe da sanin haka. A 1924 wata ma'aikaciya mai suna Nellie Kershaw ta mutu a garin Rochdale, tana da shekara 33, bayan ta yi aikin kaɗin zaren asbestos a masaƙar Turner, watau gidan da daga baya ya kafa masana'antar Emene. Da likita ya duba huhunta, sai ya tarar ƙurar ta ƙeƙasar da shi. A 1955 Dakta Richard Doll ya tabbatar da alaƙar asbestos da sankarar huhu, sa'an nan a 1960 Dakta Wagner ya nuna a Afirka ta Kudu cewa yana haddasa sankarar tantanin da ke lulluɓe da huhu, wadda da wuya a warke daga gare ta. A Amurka kuwa, dubban waɗanda suka ƙera jiragen yaƙi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ba su fara kwanciya ba sai a shekarun 1960 da 1970. Ingila ta haramta shi ɗungum a 1999, Afirka ta Kudu a 2008. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 200,000 ke mutuwa kowace shekara sakamakon shaƙarsa a wurin aiki.

To, ina ruwan mutanen Ogui da wannan labari? Ruwansu babba ne. Mutanen Arewa sun daɗe a Inugu, har ɗayansu, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin na farko a shekarun 1950. A yau, ban da fatake da mahauta, zangunan Inugu da Anacha da Fatakwal cike suke da samari 'yan ci-rani masu aikin ƙarfi: leburorin rushe gini, da masu dako, da 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa. Su ne ke farfasa tsohon silin da guduma, su kankare farin abin da ke naɗe da tsohon bututu don su sami ƙarfen, su share ƙurar da tsintsiya.

Abin da ya sa cutar ta zama mugun ɓarawo shi ne jinkirinta, domin takan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana. Saurayin da ya shaƙi ƙurar a Fatakwal zai koma Katsina ko Maraɗi, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, sa'an nan numfashi ya fara gagararsa. Sau da yawa sai a ɗauka tarin fuka ne. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ƙunshi cututtukan da ake ɗauka a wurin aiki, amma leburan da ake sallama kullum da yamma ba shi da takardar da zai nuna.

Saboda haka rigakafi ya fi magani. Kwanon da ke zaune lafiya bisa gini, barinsa ya fi taɓa shi. In sauke shi ya zama dole, sai a jiƙa shi da ruwa, a kwance ƙusoshi, a sauke shi ɗaya-ɗaya ba tare da fasawa ba, kada a kai masa injin yanka. Rawani ko ƙyallen rufe hanci ba ya tare wannan ƙura, sai abin rufe hanci na musamman mai matata. Kada a kai tufafin aiki gida, domin an sha samun matan aure da suka kamu ta hanyar wankin kayan mazajensu. Mai shan taba kuwa haɗarin sankarar huhu ya ninku gare shi.

Ya kamata sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan gwangwan su isar da wannan saƙo ga yaransu. Duk dattijon da ya taɓa irin wannan aiki a Kurmi, in tari ya ƙi jin magani, to, ya gaya wa likita aikin da ya yi da kuma shekarun da ya yi shi.