Akwatin kuɗin ƙungiya: a auna kafin a saya

In an saida albasa a Galmi, ko an kai wake kasuwar Maradi, kuɗi masu yawa suna shiga hannun ma'ajin ƙungiyar manoma. Wani ya cusa su cikin buhu, wani ya binne su cikin tukunya. Sai gara da ɓera da laima su yi musu ɓarna. Wahalar shekara guda ta tafi a banza.

Dabara ita ce a yi lissafi kafin a tafi wajen maƙeri.

Takardar jikka goma tsawonta kusan santimetir 15 ne, faɗinta kusan santimetir 8. In an ɗaure takarda 100, an samu miliyon ɗaya. Kaurin wannan ɗauri santimetir 1 ne in takardun sabbi ne. Tsofaffi suna kumbura, saboda haka a ƙidaya santimetir 1 da rabi.

Ga misali. Ƙungiya ta samu miliyon 10 na takardun jikka goma. Ɗauri 10 ke nan. A jera su gida biyu, kowane gida ɗauri 5 bisa juna. Tsawo zai zama 16, faɗi 15, tsayi 7 da rabi. Akwati mai 20 da 20 da 10 ya isa.

Amma in miliyon 10 ɗin na takardun jikka guda ne, ɗauri 100 ne. Wannan takarda ƙarama ce, kusan 13 da 7. A jera gida 10, layi biyu, kowane gida ɗauri 10. Tsawo 35, faɗi 26, tsayi 15. Nan sai akwati mai 40 da 30 da 20.

Akwati ya zama na ƙarfe. A nannaɗe kuɗin cikin leda, kada a aje shi a ƙasa. A sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wajen shugaba, ɗaya wajen ma'aji. Kowane kuɗi ya shiga ko ya fita, a rubuta.

A tuna da shekara ta 2004. Bankin BCEAO ya janye takardun 1992, ya ba da wa'adi na canji. Wanda ya bari wa'adi ya wuce, takardun da ya ɓoye ba su da amfani a kasuwa.

Akwati masauki ne na ƴan kwanaki. Da zarar an gama ƙidaya, a kai kuɗin banki ko asusun ajiya, a karɓo takardar shaida, a nuna ma jama'a.