Ba Kowace "Sitaf" Ce Cuta Ba

Uwargida, idan takardar gwajinki ta nuna Staphylococcus, wadda aka fi sani da "sitaf", kada hankalinki ya tashi kafin likita ya duba. Sitaf dangi ne na ƙwayoyin bakteriya. Wani likitan tiyata ɗan Sikotlan, Alexander Ogston, ne ya gan su cikin mugunyar ƙurji a shekarar 1880. A ɗakin gwaje-gwaje ana raba su gida biyu, ta hanyar duba ko ƙwayar tana iya daskarar da ruwan jini.

Gida na farko su ne masu daskarar da shi, kuma babbarsu Staphylococcus aureus. Ita ce mai haɗari. Kusan mutum 1 cikin 3 na ɗauke da ita a hanci lafiya lau, amma idan ta samu ƙofa ta rauni takan kawo maruru, ƙurjin nono ga mai shayarwa, ruɓewar ɗinkin tiyata, da ciwon cibiyar jariri wanda kan iya shiga jini. Akwai nau'inta mai suna MRSA, da aka gano a Ingila a 1961, wanda ba ya jin magunguna da yawa.

Gida na biyu ba sa daskarar da shi. Staphylococcus epidermidis tana zaune a fatar kowa, kuma sau da yawa daga fata take faɗawa cikin abin da aka kai gwaji. Ba ta cika cutar da mai lafiya ba, sai bakwaini da wanda aka sa wa robar ƙarin ruwa a jijiya. Staphylococcus saprophyticus kuwa takan kawo ciwon mafitsara ga mata, wanda dole a magance shi lokacin goyon ciki.

Don haka ki kai takardar wurin awo. Kada ki sayi maganin "sanyi" a kemis ko wurin masu talla da lasifika, domin wasu magungunan na illa ga ɗan ciki.

Bayan haihuwa, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa jariri. A shafa wa cibiya man kulohezidin da asibiti ya bayar. Ban da toka, kashin shanu ko man goge baki.

Maigida, idan ka ga zazzaɓi, nono ya yi ja yana zafi, ɗinki na fitar da mugunya, cibiya na wari, ko jariri ya ƙi kama nono, a taho asibiti a ranar.