Daidaita Keke Don Doguwar Tafiya

Mai keken da ke juya feda sau 80 a minti ɗaya, cikin awa guda ya lanƙwasa gwiwarsa sau 4,800. Shi ya sa ɗan kuskuren da ba a ji a zuwa kasuwa yake zama azaba idan tafiya ta miƙa. A gasar Paris-Brest-Paris ta Faransa, wadda aka fara a 1891, ana cin kusan kilomita 1,200, akasarin mahaya kuma awa 90 ake ba su. A irin wannan tafiya, zaman da jiki zai iya jurewa ya fi zaman da ke ƙara gudu.

Da tsayin sirdi ake farawa. Hau keken, ka dafa bango, ka ɗora diddige a kan feda, ka kai ta can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, haka ake so. Da yawa a ƙasar Hausa sukan sauke sirdi don ƙafa ta riƙa taɓa ƙasa, amma gaban gwiwa ne ke biyan kuɗin. In kuma ya yi sama da yawa, sai ƙugu ya riƙa rangaji, bayan gwiwa ya ɗauki ciwo.

Sirdi mai taushi lugub yaudara ne. Ƙasusuwa biyu na mazaunai su ya kamata su ɗauki nauyi; in suka nutse cikin soso, sai matsin ya koma tsakiyar da ba ta son matsi. A nemi mai faɗin da ya dace, a kuma daidaita shi, kada hancinsa ya kalli sama ko ƙasa.

Kan keke kuwa, kada a kwaikwayi 'yan tsere masu kifa ƙirji. A 1983 wuyan wani ɗan tseren keke mai suna Michael Shermer ya kasa ɗaukar kansa a tseren ratsa Amurka, har aka laƙaba wa ciwon sunansa. In ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka fara mutuwa, nauyi ya yi wa hannu yawa ke nan. A ɗaga kan keken, a matso da shi. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, kaɗan-kaɗan, a gwada 'yan kwanaki kafin a sake ɗaukar sufana.