Fuskar nan mai murmushi da yaranmu ke zanawa

Ran nan muna duba aikin 'yan aji shida, sai muka tarar da wani zane a bayan littafin wani yaro: farar fuska tana murmushi, gashin baki ya lanƙwasa sama, ga ɗan siririn gemu. Muka kira shi muka ce, "Wane ne wannan?" Ya ce, "Malam, wani jarumi ne mai yaƙi da gwamnati." A wayar wansa ya gan shi, ko sunansa bai sani ba. Shi ya sa muka nemi littafin da fuskar ta fito a ciki muka karanta, domin iyaye su san abin da ke shiga idon 'ya'yansu.

Sunan littafin V for Vendetta, labari ne cikin zane-zane. Wani Bature ɗan Ingila, Alan Moore, ya rubuta shi, David Lloyd kuma ya yi zanen. An fara buga shi kashi-kashi a 1982 cikin wata mujalla mai suna Warrior. Mujallar ta mutu a 1985 labarin bai ƙare ba, sai kamfanin DC Comics na Amurka ya ƙarasa shi cikin kashi 10 tsakanin 1988 da 1989. Fuskar kanta ta girmi littafin nesa ba kusa ba. Ta Guy Fawkes ce, wanda aka kama a Nuwamba 1605 yana gadin gangunan albarushi 36 a ƙarƙashin Majalisar Ingila, da nufin hallaka Sarki James na Ɗaya.

Marubucin ya ƙaga Ingila ta 1997, bayan yaƙin makaman ƙare dangi. Yunwa da tsoro sun sa mutane sun miƙa wuya ga wata jam'iyya mai suna Norsefire. Gwamnatin tana kiran ma'aikatunta da sunan gaɓoɓin jiki: Ido yana kallon kowa, Kunne yana sauraron hirar mutane, Baki yana watsa ƙarya a rediyo, Yatsa kuwa 'yan sandan ciki ne. An kwashe baƙaƙen fata da duk wanda ba a so zuwa sansani. A wani sansani, Larkhill, aka yi ta gwada magunguna a jikin fursunoni. Mutumin ɗaki na biyar ya tsira, ya cinna wa wurin wuta ya gudu. Harafin V a lissafin Romawa biyar ne, nan ya samo sunansa.

Tun a shafukan farko V ya ceci wata yarinya 'yar shekara 16, Evey, daga hannun 'yan sandan nan, a daren kuma ya tarwatsa ginin Majalisa. Mai karatu zai ji kamar ya tafa masa. Mu ma mun ji haka. Akwai kuma wurin da ya ƙwace gidan talabijin ya yi wa jama'a faɗa, ya tuna musu cewa azzaluman nan ba daga sama suka faɗo ba, su ne suka ba su kujera suka yi shiru. Wannan magana ta taɓa mu, mun daɗe a shafin.

Amma a ci gaba da karatu. V ya bi ma'aikatan Larkhill ɗaya bayan ɗaya yana kashewa. Cikinsu akwai wani bishop, mugun mutum mai lalata ƙananan 'yan mata, wanda ya ga abin da aka yi a sansanin bai ce uffan ba. V ya tilasta masa cin gurasar Jibin Ubangiji da aka sa wa guba. Wannan shafi zai ɓata wa kowane mai bi rai, ya kuwa ɓata mana. Duk da haka ba mu iya cewa marubucin ya yi wa ekklisiya ƙage gaba ɗaya ba, gama tarihi ya san shugabannin addini da suka sa wa azzalumai albarka saboda abin duniya.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne abin da ya sami Evey. An jefa ta kurkuku, an aske mata kai, ana dulmuya kanta cikin ruwa, ana cewa ta sa hannu a takardar da za ta ba da V ko a harbe ta. Ta zaɓi mutuwa. Sai ƙofa ta buɗe, ashe ba gwamnati ce ta kama ta ba. V ne ya shirya kurkukun, shi ne mai azabtar da ita, wai don ya raba ta da tsoro. Wato wanda aka zalunta a Larkhill ya gina ƙaramin Larkhill a gidansa, ya sa yarinyar da ta amince da shi a ciki. Littafin bai wanke shi ba, ya bar wa mai karatu hukunci. Fim ɗin da aka nuna a 2006 ya sassauta V ƙwarai, Moore kuwa ya ƙi a sa sunansa a kai. Daga 2008 masu zanga-zanga suka fara sa fuskar a ƙasashe da dama, ta haka ta iso wayoyin yaranmu, ba tare da shafin kurkukun nan ba.

Kada iyaye su ce maganar ƙin bin hukuma baƙuwa ce a gare mu. Littafi Mai Tsarki da ya koya mana biyayya ga masu mulki a Romawa sura 13, shi ne ya ba mu labarin ungozomomin Ibraniyawa da suka ƙi umarnin Fir'auna, da Annabi Natan da ya tsaya gaban Dauda. Daniyel ya karya dokar sarki yana addu'a taga a buɗe, kowa ya ga fuskarsa, ya kuma shiga ramin zakoki bai kashe kowa ba. V fuskarsa a rufe take har ya mutu, domin ko Evey ba ta ɗaga ta ba. Ita ma ta sa irin fuskar, ta ɗora gawarsa a jirgin ƙasa cike da nakiya ta aika ƙarƙashin Downing Street. Labarin ya ƙare Landan tana cikin tarzoma, ba a gaya mana wanda zai ba mutane abinci gobe ba.

Littafin ba na ƙananan yara ba ne, akwai kisa da tsiraici a ciki. Saurayi ko budurwa da suka kai sakandare kuwa, in ya shigo hannunsu, gara uba ko uwa su zauna su bi labarin tare da su da a ƙwace a ɓoye.

Yaron nan namu, mun ba shi labarin Evey da kurkukun a taƙaice lokacin tara. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, to ai shi ma mugu ne." Muka ce ya je ya karanta Daniyel sura 6 ya dawo mu yi magana ran Litinin. Zanen yana nan a bayan littafinsa, ba mu ce ya goge ba.