Kukan Baƙi a Waƙoƙin Tango na Ajantina

Ko mutum ba ya jin Sifaniyanci, idan ya saurari tango na ƙasar Ajantina zai gane ba murna ake yi ba. Mawaƙin kullum cikin jimami yake: mace ta tafi, unguwa ta sauya, ƙuruciya ta wuce. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin ƙorafin masoya kawai, amma a ganina kukan baƙi ne, waɗanda suka baro gida suka kasa komawa.

A ƙidayar 1914, kusan rabin mazauna Buenos Aires, babban birnin Ajantina, a wata ƙasa aka haife su, yawanci Italiya da Sifen, kuma maza sun rinjayi mata nesa ba kusa ba. Suna cunkushe a gidajen haya, iyali guda a ɗaki guda, kowa na layin famfo ɗaya a tsakar gida. Da yawansu sun zo ne da niyyar tara abin hannu su koma, sai tsufa ya riske su a can. Shi ya sa da mawaƙi Carlos Gardel ya rera "Mi noche triste" ta Pascual Contursi a 1917, waƙar ta samu karɓuwa nan take. Labarin namiji ne da aka bari shi kaɗai a ɗaki, yana bin kayan ɗakin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Dubban masu sauraro sun san irin wannan ɗakin, domin a cikinsa suke kwana.

Bayan juyin mulkin soja na 1930 da karyewar tattalin arziki, sai ɓacin ran ya fito titi. A "Cambalache" ta 1934, Enrique Santos Discépolo ya caccaki zamanin da ɓarawo da mai gaskiya suka zama daidai wa daida, kuma babu zancen masoyiya a ciki ko kaɗan. "Volver" kuwa, wadda Gardel ya yi da Alfredo Le Pera, labarin mutum ne da ya dawo gida da furfura yana tsoron abin da zai tarar. Gardel da Le Pera dukansu sun rasu a hatsarin jirgin sama a Medellín ta Kolombiya a 1935.

Akwai masu cewa duk wannan ado ne, tango kawai maza ne ke ɗora wa mata laifin gazawarsu. Zargin yana da makama, domin waƙoƙi da dama suna zagin yarinyar da ta bar talaka ta bi mai kuɗi, ba tare da tambayar me ta tsere wa ba. Sai dai bai bayyana "Sur" ta Homero Manzi da Aníbal Troilo ba, wadda ta fito a 1948. A can budurwar da unguwannin Boedo da Pompeya tare suka ɓace wa mawaƙin, kuma zamani ya zarga, bai zargi yarinyar ba. Mata ma sun rungumi waƙoƙin: Azucena Maizani takan hau dandamali da kayan maza ta rera su, jama'a na tafi.